Gyauro ne ko tofa? Ƙarin da ke tsirowa daga ramin gashi

Sati biyu bayan ruwan shuka, in ka tsaya a bakin gona, duk abin da idonka zai gani kore ne. Geron da aka shuka ya fito, ciyawa ta fito, gyauron bara ma ya fito a inda babu wanda ya sa shi, kuma dukkansu ganye ne siriri mai tsini. Yaron da aka fara ba fartanya bana ba ya iya rabe su, shi ya sa uba ba ya sakar masa kunya shi kaɗai ranar firi. Yana biye da shi yana cewa, "Bar wannan, gero ne. Wancan gyauro ne, ba ya cutar da kowa, in ya tsone maka ido ka tuge shi. Wannan kuwa tofa ce, kada ka sare ta sama-sama, bi ta har ƙasa." In yaro ya ce, "Baba, ta yaya kake gane su?" sai uban ya tuge guda, ya karkaɗe ƙasar, ya nuna masa saiwa. Ta gyauro a dunƙule take, inda ta tsaya nan ta tsaya. Tofa kuwa jijiya take miƙawa a ƙarƙashin ƙasa, fara mai kaifin baki, ta je ta ɓulla can gaba. Ka bar guntunta, ka bar wa kanka aiki.

Likitan fata da aka kawo wa mutum da ɗan ƙullutu a gefen hanci, ko a gira, ko a tsakar ka, irin wannan aikin ne a gabansa. Fatar ɗan Adam gona ce da aka gama shuka ta tun yana ciki. Ramukan gashi kusan miliyan 5 ne a jiki, wajen 100,000 daga ciki a fatar kai, kuma ba a ƙara ko ɗaya bayan haihuwa. Tafin hannu da tafin ƙafa da leɓe na cikin 'yan wuraren da aka tsallake. Kowane rami yana da damina da rani irin nasa: gashin kai yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kamar santimita ɗaya a wata, sannan tushensa ya motse cikin 'yan makonni, ya huta kamar wata uku, tsohon gashi ya faɗi, sabo ya taso daga ramin nan dai. Wurin da ake ta rushewa ana sāke gini haka tsawon rayuwa, ba abin mamaki ba ne wata rana wani sashe nasa ya yi tsiron da ba a sa shi ba.

Ramin kuma hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai tushe mai kama da ƙaramar albasa, inda ƙwayoyin jiki ke hayayyafa da sauri suna zama gashi. Akwai kube biyu da suka naɗe gashin, na ciki da na waje. Akwai bakin rami da ke buɗewa a saman fata, da 'yar jakar maiƙo a gefensa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya fitar da ƙari nasa, kuma ƙarin yakan yi ta ƙoƙarin kwaikwayon sashen da ya fito daga gare shi. Akasarinsu gyauro ne: sun tsiro a inda ba a so, amma ba sa bin jiki, ba sa kisa. Wahalar ita ce daga sama kamarsu ɗaya da abubuwa goma, har da mai haɗari. Ƙullutu ne kalar fata, mai santsi, ba zafi, ba ƙaiƙayi, yana girma a hankali cikin shekaru.

Wanda aka fi gani a yara shi ne filomatirikoma, mai fitowa daga tushen nan da ke ƙera gashi. Yawanci mai kitso ce ko uwa wajen wanka ke fara jin sa: wani abu kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata, a kunci gaban kunne, ko a gira, ko a wuya, ko a dantse. Girmansa daga ƙwayar wake zuwa goriba ƙarama, galibi rabin santimita zuwa 3. A gida za a ce kaluluwa ce, ko maruru ne da ya ƙi nuna. A ɗakin likita ga yadda abin ke kasancewa. Zai zaunar da yarinya a cinyar uwarta, ya sa yatsu biyu ya ja fatar da ke saman ƙullutun har ta ɗame. Maimakon ya ga abu mulmulalle, sai kusurwoyi su bayyana, fatar ta tsaya a kansu kamar an kafa tanti. Sai ya danna gefe guda da ɗan yatsa, ɗaya gefen ya ɗago. Ya motsa shi hagu da dama, ya ji yana zamewa a kan naman da ke ƙasa amma yana manne da fatar sama. Uwar za ta ce, "Likita, ba dai ciwon daji ba ne ko?" Likitan kirki zai ce, "Maman yarinya, alamunsa na mai lafiya ne, amma sai mun cire an duba sannan zan ba ki tabbaci." Wannan amsar ita ce daidai, domin rahotannin asibitoci da dama sun nuna ƙasa da rabin irin wannan ƙari ne ake canka daidai kafin tiyata.

Taurin nan na dutse ne ya fara jan hankalin masana. A 1880 wasu likitocin Faransa biyu, Malherbe da Chenantais, suka bayyana shi a matsayin ƙari mai daskarewa da alli, suna zaton daga jakar maiƙo yake fitowa. Sai a 1961 Forbis da Helwig a Amurka suka ba shi sunan da ke nuna asalinsa, wato tushen gashi. A 1999 aka gano abin da ke ingiza shi. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayoyin jiki, beta-katenin, wanda ke ba tushen gashi umarnin ya fara aiki. A kusan uku cikin huɗu na ƙarin da aka duba a binciken, ƙwayar gadon da ke sarrafa shi ta sami tangarɗa, umarnin ya maƙale, ba mai cewa a dakata. Tangarɗar a cikin ƙarin kaɗai take, ba a jinin yaron ba, don haka ba abin da zai gadar wa 'ya'yansa ba ne. Ƙwayoyin suna ta yunƙurin zama gashi, ba hanyar fita, sai su mutu a ciki su taru, alli ya zauna a kansu, wani lokaci har ƙashi ya fara samuwa.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma abin yana da ban sha'awa. Bayan an rina yankan da shuɗi da ja, za ka ga gefensa cike da ƙananan ƙwayoyi masu shuɗi sosai, a cunkushe, rayayyu. Kana matsawa tsakiya shuɗin yana kodewa, har ka iso inda ƙwayoyin suka zama jaja-jaja, siffarsu na nan daram amma cibiyar kowace ta ɓace, sai farin gurbi. Su ake kira ƙwayoyin inuwa. Mai duba nama yana ganinsu ya san da wa yake magana. Amma in da allura kawai aka tsotso ɗan abu, aka yi rashin sa'a shuɗayen nan kaɗai suka biyo allurar, ana iya ɗaukarsu kansa, a tayar wa iyaye da hankali a banza. Maganinsa cirewa ne gaba ɗaya, domin ba ya bajewa da kansa, kuma ba man shafawa ko ƙwayar da ke narkar da shi. Babba allurar kashe wuri ta ishe shi, ƙaramin yaro kan buƙaci a sa shi barci. In an cire duka, da wuya ya dawo. In kuwa yaro ɗaya ya fitar da su da yawa, likita zai tambayi dangi ko akwai mai ciwon da ke sa tsoka ta riƙe ta ƙi saki, ko masu tsiro a hanji, domin akan same su tare.

Wasu daga cikin dangin nan ba sa ba da wahala. Tirikofolikuloma, da Miescher ya bayyana a 1944, ɗan ƙullutu ne a fuska mai rami a tsakiya, da 'yan siraran fararen gashi a cure suna leƙowa. A ciki babban rami guda ne ya haifi ƙanana kewaye da shi. Akwai kuma faffaɗan rami guda mai baƙin toshi da Winer ya bayyana a 1954, wanda in an matse ya fito, bayan makonni ya sāke cika. Waɗannan in mai su bai damu ba a bar su, in ya damu a yanke.

Inda aikin yake shi ne tsakanin wasu ƙarin gashi biyu masu lafiya, tirikobilastoma da ɗan uwansa tiriko'efiteliyoma, a gefe guda, da kansar fata da ake kira basal a ɗaya gefen. Basal ita ce kansar da ta fi kowace yawa a tsakanin fararen fata. Da wuya ƙwarai ta tafi huhu ko hanta, amma a inda take tana ci a hankali, tana miƙa jijiya ƙarƙashin fatar da ido ke gani lafiya lau, har ta cinye gefen hanci ko fatar ido. Ita ce tofar wannan gona. Kuma kamar yadda gero da tofa duk dangin ciyawa ne, ita ma ƙwayoyinta kama suke da na ramin gashi tun yana ɗan tsiro. Shi ya sa ko a ƙarƙashin madubi, duka biyun tsibirai ne na ƙananan shuɗayen ƙwayoyi da na gefensu suka jeru reras.

To ta yaya ake rabewa? Kamar manomi, mai duba nama ba ya tsayawa kan ganye, saiwa yake kallo da ƙasar da ke riƙe da ita. Ƙari mai lafiya yana da iyaka, ɓarinsa na dama ya yi daidai da na hagu, kuma naman da ke kewaye da tsibiran yana rungume da su, har a wasu wurare ya cure a ƙarƙashinsu kamar yana shirin kafa sabon tushen gashi. In tsaga ta bayyana, tsakanin wannan naman da sauran fata take, wato ƙarin da ƙasarsa suna ɓallewa tare, kamar gyauron da aka tuge da ƙasa a gindinsa. A kansar basal kuwa tsagar tana tsakanin tsibirin da naman da ke jikinsa, ana ganin ƙwayoyi da yawa suna rabuwa wasu suna mutuwa, saman fata kuma sau da yawa ya gyambace. In ido ya kasa, sai a koma ga rini na musamman. Akwai wasu ƙwayoyin jin taɓi, masu sunan Merkel, da kan zauna jefi-jefi a cikin ƙarin gashi mai lafiya, kansar basal kuwa galibi babu su; rinin CK20 ke fito da su. Akwai PHLDA1 da ke kama mai lafiya, akwai Bcl-2 da ke rina basal ko'ina amma ya tsaya a gefe-gefen mai lafiya. Babu guda cikinsu da ke yanke hukunci shi kaɗai. Haɗa su ake yi da abin da ido ya gani da abin da likita ya rubuto na shekarun mutum da wurin da abin ya fito.

Saboda haka ɗan tsinken nama daga sama ba ya wadatarwa. Wanda ya kawo maka ganye guda ya ce ka faɗi gero ne ko tofa, bai yi maka adalci ba. In ƙullutun ƙarami ne, gara a cire shi duka da ɗan gefensa a aika. Wannan ya fi muhimmanci a wani nau'in ƙari mai lafiya da Brownstein da Shapiro suka bayyana a 1977, mai fitowa a kuncin mata masu ƙuruciya, ɗan faifai mai tauri, gefensa a tashe, tsakiyarsa a lotse. A madubi siraran zare ne na ƙwayoyi a cikin nama mai tauri, kamarsa ɗaya da nau'in basal mafi naci. Kuskure a nan ta kowace fuska asara ce. In aka ɗauki gyauro a matsayin tofa, an yanke wa budurwa rabin kunci ba dalili. In aka ɗauki tofa a matsayin gyauro, an bar ta tana ci. Inda shakka ta ƙi kau, kuma wurin fuska ne, akan yi tiyatar da Frederic Mohs ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930: a yanka kaɗan, a duba gefen nan take, a ƙara yanka inda ya saura kawai.

Ilimin ma ya taɓa cin tuntuɓe a nan. Akwai wani tabon haihuwa a fatar kai, wuri ne sulɓi da gashi ba ya fita, in yaro ya balaga sai ya yi kauri ya yi gurji-gurji. Shekaru da yawa ana koyar da cewa kansar basal na yawan tsirowa a kansa, don haka ake yanke shi tun yaro na ƙarami, da duk abin da ke tattare da sa jariri barci. A 2000 Cribier da abokan aikinsa a Faransa suka sāke duba irin wannan tabo guda 596, suka tarar kansar basal ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Yawancin abin da ake kira kansa a da, tirikobilastoma ne da makamantansa. Yau likitoci da yawa suna barin yaro ya girma, a sa ido, a yanke in wani abu ya tsiro ko in shi da kansa ya so.

Wani zai ce mu baƙar fata ina ruwanmu da basal. Gaskiya ne ba ta da yawa a cikinmu, baƙin fatarmu garkuwa ne daga rana. Amma tana faruwa, kuma in ta zo takan zo da baƙi-baƙi, a ɗauke ta tawadar Allah. Sannan muna da 'yan uwa zabiya, waɗanda rana ke yi wa ɓarna tun suna yara, kansar fata kuma na kama su da ƙuruciya. Duk ƙullutu ko gyambon da ya ƙi warkewa a fuskar zabiya, ko kunne, ko wuya, ba abin jira ba ne ko na wata guda. A nan ne ma misalin gona yake gazawa. Manomi in ya rasa ganewa yana iya jira shuka ta fitar da kai ta tona asirin kanta. Fuskar mutum ba ta da wannan sararin.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari ba ƙarancin na'urori ba ne. Abin da ake yi da naman bayan an cire shi ne. Ƙullutu ya fito a ƙeya, a je wajen wanzami ya tsaga ya matse, ko wani mai shagon magani ya sa reza, ko ma a ƙaramin asibiti a cire shi tsaf a yi ɗinki mai kyau, sannan a nuna wa mai shi a cikin tasa, a jefa a kwandon shara, ko a ba shi ya je ya binne. Ciwon ya warke, kowa ya yi hamdala. Amma amsar tambayar da ta kawo shi, ita aka jefar. In bayan shekara biyu abin ya dawo, babu mai iya cewa guntun mai lafiya ne aka bari ko kansa ce tun farko. Ba na raina wanzamai, sana'a ce mai asali, amma askarsu ba ta ganin saiwa. Likitan da ya cire ƙari bai aika an duba ba shi ma rabin aiki ya yi.

Hanyar kuwa ba mai tsawo ba ce. Ana cirewa a jefa naman nan take cikin kwalba mai ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman kamar sau goma, kada a sa shi a ruwan gishiri ko a bar shi ya bushe a auduga. A rubuta suna da shekaru da daidai wurin da aka ciro shi da tsawon lokacin da ya yi. A ɗakin gwaji za a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a fere shi siriri fiye da fatar albasa, a ɗora a gilashi, a rina. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen duba nama, kuma naman da ke cikin fomalin ba ya lalacewa a mota. Haƙƙin mara lafiya ne ya ce, "Likita, za a kai a duba?" Haƙƙinsa ne kuma ya koma ya karɓi takardar ya adana ta, ko da ciwon ya warke sumul.

Duk wannan maganar ƙullutu guda ce. In suka zo da yawa, labari ya sauya. A 1892 Brooke a Ingila da Fordyce a Amurka, kowa da kansa, suka bayyana mutanen da ƙananan ƙuraje masu tauri, kalar fata, ke feso wa a gefen hanci da leɓen sama da goshi, suna farawa wajen balaga suna ƙaruwa. Daga baya aka haɗa su da abin da Spiegler ya bayyana a Biyana a 1899, na ƙari masu yawa a fatar kai. A 2000 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, CYLD. In uwa ko uba na ɗauke da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ya gāda, ko da yake wani nasa kaɗan ne, wani ya cika masa fuska. Wannan irin ne ya zo da shi, ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗauka ta hanyar cin abinci tare ko kwanciya. Ina jaddada wannan domin na san abin da fuska take nufi ga yarinyar da ta isa aure, da irin maganganun da za ta ji a makaranta da gidan biki. Man kuraje da sabulun bilicin ba sa taɓa su, sai dai su ƙona fatar.

Magani a nan sassauci ne, ba a tuge su a gama. Manya akan yanke, ƙanana akan ƙone su da allurar lantarki ko hasken leza, ko a kankare saman fatar. Fuska takan yi kyau na wani lokaci, sannan wasu su dawo, a sāke zama, kamar firi da maimai. Ana gwada man sirolimus a wasu wurare don rage saurin dawowarsu, sakamakon kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ga mai baƙar fata akwai ƙarin lissafi: wurin da aka ƙona yana iya yin baƙi ƙirin ko ya yi fari na watanni, wasunmu kuma jikinsu na yin tabon nan mai tasowa ya wuce girman ciwon, musamman a kunne da haɓa da ƙirji da kafaɗa. Don haka likita mai hankali yakan tambaya yadda hujin kunne ko tsohon rauni ya warke, ya gwada a ɗan wuri ɓoyayye, ya jira ya gani kafin ya taɓa tsakiyar fuska. Kuma duk wanda ke da irin waɗannan, in guda ya fita daban, ya yi saurin girma, ko ya fara jini, ko ya gyambace, a cire shi a duba, domin ƙalilan daga ciki kan rikiɗe.

Manomi in ya ga ƙuduji ya yi jan fure a gonarsa, ba furen ne ke damunsa ba. Ya san ƙasa ta gaji, kuma ɓarnar tana can ƙasa a jikin saiwar dawa tun kafin furen ya fito. Akwai ƙarin gashi iri biyu da su kansu ba sa cutarwa, amma in sun yi yawa suna ba da labarin abin da ke cikin jiki. Na farko tirikilemoma, mai fitowa daga kuben waje, wanda Headington da French suka bayyana a 1962. Guda ɗaya a fuskar dattijo ba komai ba ne, akan ma ɗauke shi tusar jaki. Amma in sun yi yawa kewaye da baki da hanci da kunne, ga ƙananan tsiro a dasashi da harshe, ga kai ya fi na tsara girma, to ana zargin ciwon Cowden, wanda aka fara bayyanawa a 1963, mai alaƙa da ƙwayar gado PTEN. Macen da ke da shi haɗarin kansar mama a rayuwarta yana da yawa ƙwarai, wani babban bincike ya kai shi kashi 85 cikin 100, ga na maƙogwaro, wato wurin da maƙoƙo ke fitowa, ga na mahaifa. Ƙurajen fuska sukan riga kansar zuwa da shekaru. Likitan fatar da ya gane su ya ba matar damar fara gwajin mama tun tana wajen shekara 30, da sikanin wuya duk shekara.

Na biyu fibrofolikuloma, ƙananan ƙuraje farare-farare masu santsi a hanci da kunci da wuya da bayan kunne, waɗanda ba sa fitowa sai mutum ya haura 20. A 1977 likitoci uku a Kanada, Birt da Hogg da Dubé, suka bayyana su a wani dangi guda, a matsayin lamarin fata kawai. Sai daga baya aka lura cewa irin waɗannan dangi suna yawan samun abu biyu. Huhunsu na da 'yan jakunkunan iska, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon, kuma kusan ɗaya cikin huɗu wata rana jaka kan fashe, huhu ya motse, mutum yana zaune lafiya ya ji sūka a ƙirji numfashi ya gagara. Na biyun kansar ƙoda ce, wadda kan zo a ƙoda biyu, a wuri fiye da ɗaya, kuma da wuri fiye da yadda aka saba. A 2002 aka gano ƙwayar gadon, FLCN.

Don haka in takardar gwaji ta dawo da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, kuma ƙurajen ba guda ba ne, zaman da za a yi da likita ya wuce maganar fuska. Zai tambayi uwa da uba, kakanni, 'yan uwa na ciki ɗaya, gwaggo da kawu: wa ke da irin ƙurajen, wa aka taɓa sa wa roba a ƙirji don huhu ya sace, wa aka cire wa ƙoda ko mama, yana da shekara nawa. Mu mutane ne masu sanin danginmu har kaka da kakanni, kuma a wannan wuri sanin yana da amfani, matuƙar ba a ɓoye ciwo don kunya ba. Mai ciwon Birt da Hogg da Dubé akan fara yi masa hoton ƙoda tun yana wajen shekara 20, an fi son na MRI domin za a yi ta maimaitawa tsawon rai. In an ga ƙari ƙarami akan sa masa ido har ya kai santimita 3, sannan a cire shi kaɗai a bar sauran ƙodar, saboda wani na iya fitowa gaba kuma mutum na buƙatar abin da ya rage. Akan hana shi taba sigari, a gargaɗe shi kan nutso mai zurfi da tukunyar iska, a kuma gaya masa cewa duk ranar da ya ji sūka a ƙirji da ƙarancin numfashi, asibiti zai nufa kai tsaye ya faɗa musu sunan ciwonsa. 'Yan uwansa na jini kuma a ba su shawarar su zo a duba su, har waɗanda fuskarsu ba ta da ƙurji ko ɗaya.